Mutum Takwas a Jikin Bango

Mushe Kiyari na meri ya kira ni buro,
ya miƙo takarda mai hatimi biyu:
"Manzo, kai ne mai fenti.
Makon al'adu saura kwana goma sha ɗaya,
baƙi za su taso daga Yamai.
Zana mana ƙasa a bangon sabon gudiro:
mutum takwas, kowa da tufar kakansa,
hannu cikin hannu, tuta a tsakiya.
Kar wani ya ɗara wani tsawo."

Na karɓi jika ashirin kafin alƙalami,
na sayo shuɗi da kore da ruwan goro.

Wurin na san shi tun bai zama bango ba.
Nan ne zauren gwaggo Cima,
inda kwata ta bi, nan turminta yake.
Katafila ta kwashe gidan a hantsi guda,
ta bar kurna, don injiniya na son inuwa.
Yanzu gwaggo na bayan gari, a fili mai lamba,
tana jiran ƴan ga-ruwa,
tana tambayar duk mai kabu-kabu
ko kurnarta ta yi ƴaƴa.

Na fara da Buzu, ina naɗa masa rawani,
sai ga idon kakana Agali yana leƙo ni,
shi da ya sauke gishirin Bilma a Zango,
ya ga mai fura, ya mance hanyar Agadas.
Na koma kan Babarbariya,
hannuna ya ƙi ni, ya zano Ya Fanna
da ta haifi uwata a cikin Birni,
mai zagina da Barbarci, ta sa mini albarka da Hausa.
Bafulatani na ɗora masa sanda a kafaɗa,
alhali Jabbo, mijin ƙanwata,
bai taɓa tatsar saniya ba;
salula yake gyara a Kasuwar Dole.

Ƴan lakwal suka tsaya da jakunkunansu:
"Manzo, kai wanne ne a ciki?"
Na ƙirga daga dama, na ƙirgo daga hagu,
ban ga gurbin da zan sa ƙafa ba.

Garin nan ya taɓa zama kan ƙasa.
Nasara ya kwashe burorinsa ya yi yamma,
wai ruwanmu ya yi masa kaɗan.
Ya bar mana duwatsu zube kamar giwaye,
da mu, da muka riga muka cuɗu
tun kafin a san takarda mai hatimi.

Ran nan da la'asar na leƙa bokiti
inda nake wanke buroshi.
Shuɗi ya auri kore, ruwan goro ya shiga tsakani,
launin da ya fito ba shi da suna a butik.
Da shi na tsoma hannu.
Can ƙasa, gefen tuta, dab da kwata,
na zana mace a duƙe da taɓarya,
ɗankwalinta ya zame, ba ta riƙe hannun kowa,
aiki ya yi mata yawa.

Mushe Kiyari ya sauko daga mota,
ya ƙirga da biro. "Tara!
Wannan wace ƙabila ce?"
Na ce: ta unguwar nan.
Ya matsa, ya cire tabarau, ya daɗe.
"Ba Cima mai ƙosai ba ce?
Ina lakwal na ci mata bashin dala biyar."
Ya zaftare mini jika biyu duk da haka.

Ranar biki aka girke motar ruwa a gabanta.
Baƙi suka yi hoto da takwas,
aka tafa, aka sha lemo, aka koma Yamai.

Bayan sati na ɗauko gwaggo a kabu-kabu.
Na ce: duba bango.
Ta ce in riƙe mata takalmi.
Ta buɗe bakin zane ta duƙa,
tana tsintar kurna, tana hurewa,
tana faɗa da duk wanda ya tattake su.